Silifa a ƙofar masallaci: me kuke gani a wannan zanen?

Dan_Mile12: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Akwai wani yaro da ke mana dako a kasuwa, in motar tumatir ta iso daga Arewa shi da abokansa ke sauke kwanduna. Ba zai wuce shekara 17 ba. Shekaranjiya na same shi a bayan rumfa ya duƙufa kan wani yagaggen kwalin taliya, da guntun fensir da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na karɓa na duba. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ƙofar masallaci a buɗe, cikinta duhu, bakin tabarma ya ɗan leƙo, buta a gefe ta karkata, sai silifa ƙafa biyu a kan dakali, ɗaya igiyarta ta tsinke an soke ta da ƙusa. Babu mutum ko ɗaya. Na ba shi ɗari biyar na karɓe, na jingine shi kan akwatin kuɗi. To tun daga ranar duk sanda idona ya faɗa kai sai in ji jikina ya yi sanyi, kamar wanda ya taso daga wajen wa'azi. Shin zane irin wannan yana iya ɗaukar wani abu na imani, ko zuciyata ce kawai ke saƙa mini? Ga hotonsa nan na sa.

Hajjo_IdiAraba: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa ba kai kaɗai ba ne. Ni ina buɗewa na ce innalillahi. Lokacin da mahaifinmu ya rasu a Funtuwa, takalminsa ya kwana bakwai a ƙofar zaure inda ya cire shi daren ƙarshe. Masu gaisuwa na shiga suna fita, kowa ya kewaye shi, an rasa mai ƙarfin zuciyar ɗaukewa. Gawar ma ban yi kuka a kanta kamar yadda na yi a kan takalmin nan ba. Abin da na gani a zanen yaron ke nan: an shiga, ba a fito ba.

Sarkin_Zolaya: Hajiya Allah Ya jiƙan Baba. Amma ni abin da na gani daban ne. An idar da salla, kowa ya watse, ɓarawon takalmi ya zo ya duba silifar nan ya ga ƙusa, ya ce Allah Ya sauwaƙe, ya wuce. Ko ɓarawo yana da zaɓi.

Mai_Shayi_Ijora: Hahaha. Sau uku ana ɗauke mini takalmi ranar Juma'a a garin nan. Yanzu leda nake shiga da ita.

Abu_Huzaifa: Kafin a yi nisa da yabo, ina tunatar da mu cewa maganar zane ba abin wasa ba ce. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa masu yin sura suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ranar alƙiyama. Yau an yaba wa yaro don ya zana buta, gobe ya zana mai butar. Gara a nuna masa hanya tun yana ɗanye.

Alaramma_Agege: Malam Abu Huzaifa, Allah Ya saka da alheri, hadisin da ka kawo haka yake. Sai dai a haɗa shi da ɗan'uwansa. Wani mutum ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin surori yake cin abinci. Da ɗan Abbas ya karanta masa gargaɗin, mutumin ya firgita, fuskarsa ta canza. Sai ya ce masa in ba makawa sai ka yi, to ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Wannan ma yana cikin Buhari da Muslim. Buta ba ta da rai, silifa ba ta da rai, ƙofa ba ta da rai. Yaron bai taka ko'ina ba.

Bari ma in ƙara wani abu da ba a cika ambata ba. Ibn Mas'ud ya ruwaito, yana cikin Buhari, cewa Manzon Allah (SAW) ya zana gida mai kusurwa huɗu, ya ja layi ta tsakiyarsa har ya fita waje, sannan ya ja wasu ƙananan layuka suna nufar na tsakiyar. Ya ce wannan mutum ne, wannan da ya kewaye shi ajalinsa ne, wanda ya fita waje burinsa ne, ƙananan kuwa su ne abubuwan da ke afka masa, in wannan ya kuskure shi wancan ya same shi. Ku duba fa, layuka ne kawai, ko yaro zai iya ja. Amma yau shekara fiye da 1400 ana karantar da su. To mai tambaya, amsata gare ka ita ce e, layi yana iya ɗaukar wa'azi.

Abu_Huzaifa: Na karɓa Alaramma. Amma wancan Annabi ne ya zana kuma shi ya fassara da bakinsa. Wannan kuwa kowa na ta faɗin abin da ya ga dama.

Alaramma_Agege: Gaskiya ne, shi ya sa ba wanda ya ce hukunci za a ciro daga kwalin taliya. Tunani ne, shi kuwa tunani an umarce mu da shi.

Mai_Zane_Yaba: Ni zane na karanta, da shi nake ci, don haka bari in yi magana ta ɓangaren hannu. Na buɗa hoton sosai na duba. Fensirin da ya yi amfani da shi irin na 'yan makaranta ne, HB. Abin da ke cikin fensir ba darma ba ce kamar yadda mutane ke zato, wani baƙin ma'adini ne mai laushi da ake kwaɓawa da yumɓu a gasa. Wani Bafaranshe mai suna Conté ya fito da wannan dabarar a 1795. In yumɓu ya yi yawa bakin ya yi tauri, layin ya fito fari-fari, shi ne H. In ya yi kaɗan ya yi laushi da baƙi, shi ne B, har su 6B da muke yin duhu da su. Abin nufi, HB ba ya ba da baƙi irin na cikin ƙofar nan da ja ɗaya. Sai an bi, an sake bi, an sake bi, har wurin ya fara ƙyalli. In kun lura kwalin ma ya lotsa a wajen. Yaron ya fi ɓata lokaci a kan wurin da babu komai fiye da kan silifar da butar a haɗe.

Na biyu, ku dubi inuwar butar. Ta fi butar tsawo kaɗan. Duk wanda ya yi karatun Ahalari ya san lokacin da inuwar abu ke kai tsawonsa. Ba a rubuta "la'asar" a ko'ina ba, amma zanen ya faɗi lokacinsa.

Hajjo_IdiAraba: Subhanallah. Ni ban ma lura da inuwar ba.

Alaramma_Agege: Malam mai zane ka tuna mini aya ta 45 a Suratul Furƙan, inda Allah ke cewa ba ka ga yadda Ubangijinka Ya miƙe inuwa ba, da Ya so da Ya bar ta tsaye cik. Mu da agogo ya lalata, mun daina kallon ƙasa.

Injiniya_Apapa: Ku yi haƙuri in zama mai ɓata biki. Hajiya ta ga mutuwa don ta yi rashi. Alaramma ya ga aya don aya ce a kansa. Mai zane ya ga HB. Sarkin Zolaya ya ga ɓarawo, Allah kaɗai Ya san dalili. Kowa abin da ke cikinsa ya zuba a kwalin. Da an nuna wa wanda bai taɓa ganin masallaci ba, cewa zai yi ƙofar banɗaki ce, ga buta ga silifa. Ina ruhin yake a nan? Ni a ganina a cikin kanku yake, kwali kwali ne. Abu mafi sauƙi, mai tambaya ya je ya tambayi yaron me yake nufi.

Sarkin_Zolaya: Injiniya ka ce banɗaki? Wallahi yanzu na kasa daina ganin hakan. Allah Ya isa.

Ladi_Obalende: Sannunku. Ni Kirista ce, daga Filato, na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba. Injiniya ya ce sai wanda ya san masallaci zai gane, to ni ban taɓa shiga ba sai dai in wuce ta gaba. Amma da na ga silifar abin da ya faɗo mini shi ne labarin Musa a Littafin Fitowa, sura 3, da ya ga kurmi na cin wuta bai ƙone ba, aka ce masa ya tuɓe takalmansa don wurin da yake tsaye mai tsarki ne. Kullum in na bi ta wajen masallacin unguwarmu da rana ina ganin takalma jere, na mai kuɗi kusa da na mai tura baro, sai in ji wani iri. Duk abin da mutum ya taka a titin Legas, kwata da tofi da man mota, a nan yake barinsa.

Alaramma_Agege: Sannu da zuwa 'yar'uwa. Labarin yana wajenmu ma, Suratu Ɗaha aya ta 12: ka cire takalmanka, kana kwari mai tsarki, Ɗuwa.

Injiniya_Apapa: Malama Ladi ai kin ƙarfafa maganata ne. Ke ma da naki littafin kika zo.

Ladi_Obalende: To Yallabai, akwai wanda ke kallon abu da kai fanko? Ko kai da taka butar banɗakin ka zo.

Mai_Shayi_Ijora: An gama da Injiniya, a kawo masa shayi mai kauri.

Baba_Ikko: 'Ya'yana, ni tun zamanin Shagari nake garin nan, jikana ne ke rubuta mini wannan. Ina jin ku kuna magana kamar zane baƙon abu ne a wurin Bahaushe. Da na sauke Alƙur'ani a garinmu, sai da mahaifina ya sayar da tunkiya aka kai allona wurin mai zayyana. Ya yi kwanaki yana yi. Ja da rawaya da kore da baƙi, gida cikin gida, layi ya shiga ƙarƙashin layi ya fito ta can, ka bi shi da ido ka rasa inda ya fara. A tsakiya aka rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Ranar sauka na riƙe shi na karanta, aka zaga da ni gidajen dangi. Ba wanda ya ce mana ga ma'anar wannan layin ga ta wancan. Amma ko jahili ya ga allon ya san ba a ajiye shi a ƙasa. Haka zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya da Kano, haka aikin wuyan babbar riga, aska takwas da sauransu. Mu mutanen zane ne, fuska ce kawai ba mu cika yi ba. Allon nan yana nan a ɗakina a Agege, zayyanar ta koɗe saboda damshin Ikko, amma ko nawa za a ba ni ba na sayarwa.

Hajjo_IdiAraba: Allah Ya ƙara lafiya Baba. Don Allah jikan ya ɗauko mana hoton allon.

Abu_Huzaifa: Tunda an zo nan, shi hoton waya fa? Duk wanda ke cikin zauren nan da fuskarsa a jikin sunansa.

Dan_Sango: Malam wannan ai malamai sun yi ta saɓani a kai, wasu sun ce kamar madubi ne, wasu sun ƙi sai da lalura irin ta fasfo da katin ɗan ƙasa. In muka shiga nan sai an yi sahur ba mu fita ba.

Shugaban_Zaure: Jama'a a bar maganar hoton waya, an yi ta a baya har sai da aka cire mutum biyu. A koma kan zanen.

Ummi_Festac: Ni tambayata ga Mai Zane. Na tuna yaron nan Kareem Waris, ɗan shekara 11, da ya zana shugaban Faransa Macron lokacin da ya zo Legas a 2018, a New Afrika Shrine da ke Ikeja, cikin kamar awa biyu. Duniya ta ɗauka. Irin wannan zanen da za ka rantse hoton kyamara ne, gumi da gashi ɗaya-ɗaya, ai shi ne gwaninta. Wannan na kwali ko layin ƙofar bai miƙe ba. Ba raini ba, amma me ya sa za a tsaya a kansa haka?

Mai_Zane_Yaba: Anti Ummi, gwanintar yaron can ba a musunta, kuma masu irin wannan aikin a Legas suna da yawa, wasu sukan yi wata guda kan fuska ɗaya. Amma in kin tsaya gaban irinsa me kike cewa? "Kai, kamar gaske!" Hankalinki ya tafi kan hannun mai zanen. An cika miki komai, ba a bar miki inda za ki sa ƙafa ba. Na kwalin nan kuwa rabinsa ba a yi ba. Shi ya sa Hajiya ta sami wurin ajiye mahaifinta, Malama Ladi ta sami wurin Annabi Musa. Marigayi Yusuf Grillo, ɗan Legas ne da ya yi karatu a Zariya, ya daɗe yana shugabantar sashen zane a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, ya rasu a 2021. In kin ga mutanen da yake zanawa, dogaye ne, fuska kusan babu ido babu hanci sosai, duk cikin shuɗi. Ba don bai iya ba ne. Kuma Musulmi ne da ya yi wa coci-coci aikin gilashin taga mai launi, wannan ma wata muhawarar ce.

Amma kada in yi ƙarya don in burge: layin ƙofar ya karkace, kuma butar kamar za ta faɗi. Wannan rashin koyo ne, ba hikima ba.

Ummi_Festac: To na ji. Amma ni har yanzu da za a ba ni zaɓi na rataye a falo, na Kareem zan ɗauka.

Dan_Mile12: Jama'a na gode, ban zaci abin zai kai haka ba. Na bi shawarar Injiniya, yau da safe bayan an gama sauke kaya na kira yaron na saya masa koko da ƙosai na tambaye shi. Da farko tsoro ya ji, ya zaci kuɗina zan karɓa. Ga abin da ya ce. Silifar tasa ce, ita ce ma a ƙafarsa, na ga ƙusar da idona. Bai sa mutum ba don bai iya ba, in ya zana hannu sai ya fito kamar cokali mai yatsu, kuma tun yana makarantar allo ya sha bulala kan ya zana doki da mahayi a bayan allonsa. Duhun ƙofar kuwa, wai akwai tabon manja a wajen, shi ya yi ta shafawa don ya rufe. Da na ce masa inuwar fa, sai ya dube ni ya ce, "Alhaji ai haka take." Na ce me kake nufi da zanen gaba ɗaya? Ya ce ba komai, zaman jiran mota ne ya ishe shi.

Injiniya_Apapa: Alhamdu lillahi. Manja! Ina Mai Zane da dogon bayanin HB? A dawo mini da shayina.

Mai_Zane_Yaba: Na sha kaye a kan dalili, ban sha a kan aiki ba. Tabo ya gani, da zai iya juya kwalin ko ya yage wurin. Sai ya mai da shi ƙofa. Kuma "ai haka take" ɗin nan da ya faɗa, shekara biyu ina fama da ɗalibai su ga inuwa yadda take, ba yadda suke zato ba.

Hajjo_IdiAraba: Ni kuma wani abu ya tsaya mini. Ya ce silifarsa ce. To in silifarsa na ƙofa, shi yana ina? Ashe ya zana kansa, a ciki yake, mu ne ba ma ganinsa. Na janye maganar mutuwa, Allah Ya raya shi. Salla yake yi.

Dan_Mile12: Hajiya kin sa na tuna. Ranar da motoci suka yi yawa yaran nan ba sa samun jam'i, wani lokaci azahar da la'asar sai sun haɗa su da yamma, a gajiye, a kan buhu. Mu masu kaya mu ne ke tsaye a kansu muna cewa a yi sauri kafin tumatir ya ruɓe. Wataƙila abin da ke damuna ke nan in na kalli kwalin, ban sani ba.

Injiniya_Apapa: Kun ga, kun sake komawa. Yaro ya ce ba komai, ku kun ce akwai komai. Amma Alhaji wannan maganar ta ƙarshe da ka yi, ita kam ba a kwali take ba, a rumfarka take, kuma kana da ikon gyara ta.

Abu_Huzaifa: A nan na yarda da Injiniya ɗari bisa ɗari. A ba su minti goma su yi salla a kan lokaci, ya fi duk fassarar da muka yi.

Alaramma_Agege: Mutum yakan faɗi magana ta fi shi, Injiniya. Sau nawa almajiri ke rera ayar da bai san fassararta ba, mai wucewa ya ji ya yi hawaye? Ba na haɗa zane da aya, Allah Ya tsare, misalin mai ɗauka da abin da ya ɗauka kawai nake yi.

Sarkin_Zolaya: Duk wannan ilimi da aka zuba, ba wanda ya ce a saya wa yaro sabuwar silifa. Kuma Alhaji ɗari biyar? Ko kwandon da ya fashe ya fi haka.

Mai_Zane_Yaba: Ina da 2B da 4B da ban taɓa ba, da kilina da takardar zane. In Alhaji zai turo wani Yaba ranar Asabar a karɓa. Sharaɗi ɗaya, kada a ce masa ya zana abin wa'azi. A bar shi ya zana abin da ke gabansa.

Dan_Mile12: Za a turo in sha Allah. Silifa kuma na riga na ba da a sayo, Sarki ka huta.

Talatu_Ketu: Yanzu na shigo, na karanta tun daga sama. Kowa na ta silifa da ƙofa, ba wanda ya dubi ƙasan bakin butar. Akwai wasu ɗige-ɗige guda uku ko huɗu a wajen. Ruwa ne ya ɗiga bayan alwala, ko dattin kwalin ne? Alhaji don Allah duba na hannunka, a waya ba ya fitowa sosai.